Na'urar auna hayaƙin boila ta hannu: ta ci kuɗinta, amma akwai magana

Ƴan'uwa masu aikin boila, wato tukunyar tururi ta masana'anta, na Kakuri da Kudenda a Kaduna, da ku masu injin shinkafa da kuke ta tambaya ko wannan na'urar da ake soka wa bututun hayaƙi tana da wani amfani ko kuwa kayan burga ce kawai ta injiniyoyi, to amsata a taƙaice ita ce tana da amfani sosai, in dai boilarku na cin mai da yawa ku saya. Sai dai akwai abubuwan da dila ba zai gaya muku ba sai kuɗi sun shiga hannunsa. Ba zan kira sunan kamfanin da ya ƙera tamu ba don ba talla aka biya ni in yi ba, sanannu dai a kasuwa su ne irin su Testo na Jamus da Kane na Ingila da Bacharach na Amurka, kuma aikinsu kusan duk ɗaya ne.

Ita na'urar ba ta fi girman tsohuwar wayar oba-oba ba. Tana zuwa a jaka da wani dogon tsinken ƙarfe mai rami, da tiyo, da ɗan kofin da ke tare ruwa, da filtoci. Famfo ne a cikinta yake zuƙo hayaƙin ya bi ta kan sensa biyu, ɗaya na oksijin ɗaya na kabon monoksaid, a bakin tsinken kuma akwai ma'aunin zafi. Abu uku ɗin nan ne take aunawa da gaske. Sauran lambobin da ke fitowa a fuskarta, irin su kabon dayoksaid da rarar iska da ingancin ƙonewa, lissafi ne take yi daga waɗancan ukun da kuma irin man da ka zaɓa mata. Kafin ka soka ta dole ka kunna ta a iska mai kyau, can waje nesa da janareta, ta ɗauki oksijin ɗin sarari a matsayin kashi 20.9 cikin ɗari ta daidaita kanta, in ka kunna ta a cikin ɗakin boila da hayaƙi ya cika to duk abin da za ta faɗa maka bayan nan ƙarya ne.

Yanzu ga inda kuɗin yake. Mu a nan an saba gyara wuta da ido. Ka leƙa ta gilashin baya ka ga kalar harshen wuta, ka fita waje ka ɗaga kai ka kalli bututu, in baƙi na fita ka buɗe damfa, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga wuta, ka ƙara iska har ya ɗauke, shike nan oga ya ji daɗi maƙwabta sun daina ƙorafi. Matsalar ita ce ido yana ganin ƙarancin iska amma ba ya ganin yawanta. Bututu zai iya zama fes babu ko ɗigon baƙi alhali kana ƙona dizal kana dumama iskar da ba ta yi maka aikin komai ba, ta shiga da sanyi ta fita da zafi ta tafi sama da kuɗin kamfani. Kamar mai fifita murhu ne da ya ƙi tsayawa bayan wuta ta kama, har zafin ya riƙa wucewa ta gefen tukunya.

A boilarmu mai amfani da dizal, farkon aunawa oksijin a hayaƙi yana wajen 9 ne. Lissafin mai sauƙi ne, ka raba lambar oksijin da abin da ya rage in ka cire ta daga 20.9, wato 9 ya ba ka rarar iska kusan kashi 75 cikin ɗari. Boilar mai a ƙa'ida ana son oksijin ya tsaya wajen 3 zuwa 4, ta iskar gas kuma 2 zuwa 3. Da mai gyaran bona, wato injin da ke fesa mai yana hura wutar, ya zo muka bi a hankali muka sauko da shi wajen 4, rarar iska ta koma kashi ashirin da ƴan kai. Akwai ƙa'idar da injiniyoyi ke amfani da ita, cewa duk rage rarar iska da maki 15, ko rage zafin hayaƙi da digiri kamar 22, yana ƙara inganci da kashi 1 cikin ɗari. To ku lissafa da kanku, kashi 3 da ɗan kai ke nan. Wanda ke ƙona lita dubu a rana ya tsira da lita talatin ba tare da ya canza ko kusa ɗaya a boila ba, da farashin dizal na yanzu kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne a wata.

Akwai wani dattijo a shiftinmu, Baba muke ce masa, tun zamanin masaƙun Kakuri yake hura boila, lokacin da KTL da UNTL da Arewa Textiles ke aiki dare da rana ana ɗauko baƙin mai daga matatar Kaduna. Da ya ga na'urar cewa ya yi, yaro, ni wuta in ta yi daidai a kunnena nake jin ta, ba sai wayar Bature ta gaya min ba. Na ce Baba ranka ya daɗe ba musu nake ba, a gwada dai a gani. Kuma gaskiya a ba shi haƙƙinsa, a babbar wuta saitinsa bai yi nisa da daidai ba. A ƙaramar wuta ne abin ya watse, nan ne iska ta fi yin yawa, kuma boilarmu ta fi daɗewa a ƙaramar wuta saboda ba kullum ake jan tururi da ƙarfi ba. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya auna sau ɗaya a babbar wuta ya naɗe tiyo ya tafi bai yi rabin aikin ba, a auna a ƙarama, a tsakiya, a babba. Baba ne ma ya ba ni labarin yadda suke yi da, da wani kwali mai zanen toka-toka daga fari zuwa baƙi da ake ɗagawa a kwatanta da hayaƙin bututu, na wani Bafaranshe Ringelmann, da kuma kwalaben Orsat da ake kaɗa hayaƙi a ruwan magani a ga nawa ya ragu. Abin da ke cin su rabin wuni yanzu minti biyu ne.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a ciki. Kada wani ya ji na ce rage iska ya je ya yi ta rufe damfa yana neman lamba mai kyau. Akwai inda in ka wuce, kabon monoksaid zai yi tsalle lokaci ɗaya daga ƴan gomomi zuwa dubbai, wuta ta fara kunkunniya, man da bai ƙone ba ya taru a ciki, kuma irin wannan ne ke kawo fashewa a tanderu. Mu ƙasa da 100 a ma'aunin ppm, wato kashi cikin miliyan, muke son ganinsa. Ka sauko har ka ga ya fara motsi, sai ka koma baya ka bar sarari. Sararin nan dole ne a Kaduna saboda yanayinmu, iskar asubar hunturu mai digiri 15 ta fi ta tsakar ranar watan Maris mai digiri 38 nauyi da kusan kashi 8 cikin ɗari, fanka kuwa yawan iska ɗaya take turawa ba ruwanta da nauyi. Saitin da ka matse a sanyin Janairu zai iya zame maka baƙin hayaƙi da bazara.

To sai abubuwan da ba su yi min daɗi ba.

Sensan oksijin na irin waɗannan na'urori yana mutuwa ko kana aiki da shi ko ba ka yi, domin sinadarin cikinsa yana cinyewa ne muddin iska na taɓa shi, na gama-gari shekara biyu ce kamar iyakarsa. Wanda ya sayar mana daga Legas bai faɗi wannan ba, kuma da alama tamu ta daɗe a shagonsa kafin ta iso, don ba a jima ba ta fara ƙin kaiwa 20.9 a waje. Muka kira, sai yau sai gobe, wai kaya na kan ruwa, wai dala ta tashi. Na'ura ta zauna a kabad muna kallonta. Duk wanda zai saya ya sa a buɗe masa ya ga kwanan watan da ke jikin sensa, ya kuma tambayi kuɗin sabo tun kafin ya biya, a rubuta. Sannan akwai saitin shekara-shekara da ake yi mata da iskar gwaji, mu sai an aika Legas, a saka wannan ma a lissafi. Ita kanta na'urar kuɗinta ya haura naira miliyan ɗaya, ba zan faɗi lamba ba don da canjin dala yake tafiya.

Filta kuma ba ta jure ƙurar hunturu da kunkunniyar baƙin mai, nan da nan ta yi baƙi famfo ya fara nishi. Ku sayi da yawa, ba tsada. Kofin ruwan nan a riƙa zubar da shi bayan kowane aiki, in ruwa ya wuce ya taɓa sensa an gama. In kuma boila na tuƙa baƙin hayaƙi kada a soka ta kai tsaye, a fara da ɗan famfon hannu na gwajin kunkunniya wanda ake ja sau goma ya bar tabo a farar takarda a kwatanta da ma'auni daga 0 zuwa 9, a gyara wuta ta yi dama-dama tukuna. Yawan kabon monoksaid lokaci ɗaya yana gajiyar da sensa, wani lokacin sai ka bar ta ta daɗe tana shaƙar iska mai kyau kafin ta dawo hayyacinta.

Masu ƙona ɓuntun shinkafa ku kuma taku matsalar daban ce. A jerin man da ke cikin tamu akwai dizal, baƙin mai, iskar gas, gas na girki, itace, babu ɓuntu. Za ku iya zaɓar itace ku samu oksijin da kabon monoksaid da zafi daidai, amma lambar inganci kada ku rantse da ita. Kuma irin wutarku dama tana son iska fiye da ta mai, kada ku bi lambobin da na faɗa a sama. Tokar ɓuntu ma tana toshe tsinke da wuri.

Lambar ingancin nan ma gaba ɗaya ina da ja a kanta, don ita manajoji suka fi so. Manaja ya ga 90 sai ya ɗauka boilarsa lafiya lau. Alhali ingancin ƙonewa kawai take faɗa, ba ta san tururin da ke tsiyaya a fayif ba, ba ta san bargon fayif ya yage ba, ba ta san yawan ruwan zafin da ake zubarwa ta ƙasa ba. Ni lambar da na fi sa wa ido ita ce zafin hayaƙi. In ka rubuta shi bayan an wanke boila, sai ka ga yana hawa a hankali a wuta iri ɗaya, to ko kunkunniya ta kama bututan ciki ko kuma ruwan bohol da ba a tace da kyau ba ya yi dutse a ɗaya gefen. Ta wannan kaɗai mun san lokacin wanki ba tare da jiran boila ta gaza kai furesha ba. Masu baƙin mai dai kada ku yi murnar zafin ya sauka ƙasa sosai, akwai farar wuta a man, in hayaƙi ya huce da yawa yana zama ruwan asid ya cinye bututu. Wurin soka tsinken ma a kula, kusa da mafitar boila, a tsakiyar bututu, a toshe gefen ramin. In akwai tsaga da iskar waje ke shiga kafin wurin, oksijin zai nuna sama, ka je ka rage iska a bona alhali wutar ba ta da rara.

Wasu sun tambaye ni me zai hana a sa irin wadda ake dasawa a bututu dindindin tana gyara damfa da kanta. Akwai ta, sensanta na zakoniya ne da ke aiki a zafin digiri wajen 700, fasaha ɗaya da sensan oksijin na salansar mota wanda Bosch ya fito da shi aka fara sa wa Volvo a 1976, kuma kamfanoni irin su Siemens da Autoflame na haɗa ta da kwamfutar bona. Ita ce maganin canjin iskar hunturu da bazara da na faɗa. Amma ra'ayina, ga babbar boila ce mai aiki dare da rana, kuma wadda bonarta ke da lafiya. In sandunan da ke haɗa damfa da bawul ɗin mai sun yi lako-lako, nozul ya cinye, wutar NEPA na ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, to ka dasa kwamfuta a kan wannan asarar kuɗi ce. A fara da ta hannu a gyara ƙarafa. In bututun iskar gas na AKK, wato Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 ya fara ba masana'antun Kaduna gas aka canza bona, lokacin ne ya dace a yi maganar ta dindindin gaba ɗaya.

Batun hukuma kuma, tamu oksijin da kabon monoksaid kawai take gani. Mai son ganin iskar farar wuta da ta naitirojin, waɗanda jami'an hukumomin kare muhalli, NESREA ta tarayya ko KEPA ta jihar Kaduna, za su iya tambaya, sai ya sayi babba mai ƙarin sensa, kuɗin kuma ya ninka. Ƴar takardar da take bugawa tana da kyau a ajiye a fayil, amma kada a ɗauka ta maye gurbin binciken masu duba boila na gwamnati.

Masu ƙananan boila, irin na otal da gidan wanki da ƙananan injinan shinkafa, ni ban ga dalilin kowa ya sayi tasa ba tunda sensa zai mutu a kabad. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi ɗaya a damƙa ta hannun mutum guda da zai riƙa zagayawa, ko ku sa mai gyaran bonarku ya zo da tasa duk lokacin sabis, ku kuma tsaya a kansa ya auna a wuta uku ya ba ku takardar kafin gyara da ta bayan gyara.