Fostar wanke hannu ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO): zanen da ke koyar da motsi

Hoto 12 ne, daga 0 zuwa 11, aikin daƙiƙa 40 zuwa 60. Hannaye kawai aka zana, ba fuska, don haka ido ba ya kauce wa yatsu, ƴan kibiyoyi kuma na nuna inda za a murza. Na 6 ya fi kyau: babban yatsa cikin damƙa, ana juya shi.

Na 5 kuwa, inda ake sarƙe yatsu a goga bayansu, yana rikitarwa, domin hoto ɗaya ba ya ɗaukar motsi biyu. Sauya hannu ma a rubuce kawai yake, wanda bai iya karatu ba zai wanke ɓari guda. Ga famfo a zanen. Gidan da ake amfani da buta sai wani ya zuba ruwan.