Manhajar YouVersion don nazarin gafarar Allah

Cocin Life.Church ta Amurka ce ta fitar da wannan manhaja ta karanta Littafi Mai Tsarki a waya a 2008. Kyauta ce, babu talla, kuma akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa a ciki, har da fassarar Sabon Rai Don Kowa.

Inda ta fi amfani shi ne jera fassara biyu a kan aya ɗaya. Ku gwada da Luka 15:20, cikin misalin da Yesu ya bayar na ɗan da ya bar gida ya ɓata dukiyarsa sannan ya dawo, inda uban ya hango ɗansa tun yana nesa, ya sheƙa a guje ya rungume shi kafin yaron ya buɗe baki. Ku shafa wa ayar launi, ku haɗa ta da Romawa 5:8, Zabura 103:12 da 1 Yohanna 1:9. Nazarin rabin awa ya samu ke nan.

Matsalar da aka fi ci karo da ita: mutum ya je coci babu data, shafi ya ƙi buɗewa, don bai sauke fassarar cikin waya ba. Ku yi rajista, ku sauke ta tun a gida. Dattawa kuma a ƙara musu girman rubutu, na asalin ya yi ƙanƙanta.