Kasuwar Zinare ta Deira a Dubai: Ta Yi a Sayen Gwal, Amma Zoben Daimon Sai da Lura

Kasuwar zinare ta Deira, wadda take tsohon garin Dubai kusa da mashigin ruwa, ba baƙuwa ba ce ga fatakenmu masu sarin gwal da iyaye masu haɗa lefe. Yanzu samari ma suna bin sawunsu, ko su ba da saƙo, don a sayo musu zoben baiko mai daimon. Ga wanda zai sayi gwal zalla, kasuwar ta cancanci yabo. Ga mai neman daimon kuwa, kaya akwai su jingim, ana kuma ciniki, amma kariyar da mai sayen gwal yake samu ba ta kai gare shi ba. Dole ya shiga da saninsa.

Zuwa wurin ba wuya. Ka hau jirgin ƙasa na cikin gari a koren layi, ka sauka a tashar Al Ras, sai tafiyar 'yan mintoci a ƙafa. Shaguna ne ɗaruruwa a jere ƙarƙashin rumfa. Masu tare hanya suna tallan agogo da jakunkuna, ka wuce su, kada ka bi kowa lungu.

Abin da ya sa sayen gwal yake da sauƙi a nan shi ne farashin giram a bayyane yake. Akwai alluna masu nuna kuɗin karat 24 da 22 da 21 da 18 na ranar, ciniki a kan kuɗin ƙira kawai ake yi. Dirhami kuma a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 a dala ɗaya, lissafi ba ya rikicewa. Daimon ba shi da irin wannan allo. Duwatsu biyu masu nauyi ɗaya, wani zai iya ninka wani a kuɗi, kuma idon da bai saba ba ba zai ga dalili ba. Saboda haka abu na farko shi ne ka ce wa mai shago ya raba maka farashin gida uku: kuɗin dutse, kuɗin zinaren da ke jikin zoben bisa nauyinsa da farashin ranar, sai kuɗin ƙira. Shagon kirki zai ɗauko na'urar lissafi ya yi maka nan take. Wanda ya ce shi dai a dunƙule yake sayarwa, ka yi masa sallama ka shiga na gaba.

Sai takarda. Duk dutsen da nauyinsa ya kai rabin karat (karat a nan ma'aunin nauyin daimon ne), kada ka saye shi ba tare da takardar shaida daga cibiyar gwaji mai zaman kanta ba. Wadda aka fi amincewa da ita ita ce GIA, cibiyar Amurka da aka kafa a 1931, ita ce ta fito da ma'aunin da duniya take bi a yau. Za ka kuma ga takardun IGI, wadda aka kafa a birnin Antwerp na Beljiyam a 1975, musamman a kan daimon ɗin da ake haɗawa a ɗakin gwaji. Katin da shago ya buga da sunansa ba shaida ba ne, domin mai kaya ne yake yabon kayansa. Takardar ma ba ta isa ba sai ka tabbatar ta wannan dutsen ce. Yawancin duwatsu masu shaida an zana lambar takardar a ƙugunsu, wato siririn gefen da ya raba sama da ƙasa, da rubutun da ido ba ya gani. Ka nemi madubin ƙara girma ko na'urar shagon ka karanta lambar da kanka, sannan ka shigar da ita a shafin intanet na cibiyar da ta ba da takardar, ka ga ko nauyi da faɗi sun yi daidai da abin da ke hannunka. Shi ya sa ya fi kyau a zaɓi dutsen tun yana sake, kafin a ɗora shi a zobe, don sau da yawa farcen da ke riƙe dutse yana rufe lambar, yana kuma ɓoye tabo.

Cikin abubuwa huɗu da takardar take aunawa, wato yanka da nauyi da launi da tsabta, yanka ne ya fi muhimmanci, kuma shi masu saye suka fi sakaci da shi. Daimon mai da'ira yana da fuskoki 57 ko 58. Haske yana shiga ta sama, ya bugi fuskokin ƙasa, ya dawo ido. Idan an yanka dutsen da zurfi da yawa, hasken yana zurarewa ta gefe, tsakiyar ta yi duhu, kuma nauyin da ka biya ya ɓuya a ƙasa inda ba mai ganinsa. Idan an yanka shi a baje, haske yana wucewa ta ƙasa, sai ka ga wani zagaye mai toka-toka a ciki, dutsen ya yi kamar gilashi. Ka nemi wanda aka rubuta Excellent, wato maki mafi girma, a layin yanka, sannan ka duba lambobin zanen da ke jikin takardar: faɗin fuskar sama tsakanin kashi 54 zuwa 58 cikin ɗari na faɗin dutsen, zurfin dutsen tsakanin kashi 59 zuwa 62.5 na faɗin nasa, kusurwar ƙasa tsakanin digiri 40.6 zuwa 41. Fitilun shagunan nan an jera su ne don komai ya yi walƙiya, har dutse mai mummunan yanka. Ka roƙi a matso da shi bakin ƙofa inda hasken rana yake, sannan ka kare shi da tafin hannu ka duba a inuwa. Mai kyakkyawan yanka ko a inuwa yana nan da ransa. Lura kuma, siffar da'ira ce GIA ta saba ba makin yanka. In amarya mai son siffar ƙwai ce ko ta ɗigon ruwa, idonka ne alƙali: ka duba baƙin layin da yake ratsa tsakiya a kwance, in ya yi kauri ka bar dutsen.

Nauyi kuma da karat ake aunawa, amma ba karat ɗin gwal ba. Na gwal tsarki yake nunawa, na daimon nauyi ne, karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na giram. Dutse mai da'ira mai karat 1.00 faɗinsa wajen milimita 6.5 ne, mai 0.90 kuwa wajen 6.2. A yatsa ba mai bambance su, amma farashi yana tsalle da zarar an taɓa cikakkiyar lamba irin 0.50 ko 1.00. Sayen 0.90 ko 0.45 dabara ce mai kyau. Ka kula da zoben da aka ce maka karat ɗaya ne alhali ƙananan duwatsu ne aka tara jimillarsu ta kai haka. Darajarsu ba ta kusa da ta dutse guda mai karat ɗaya.

Launi daga D yake farawa, wanda ba shi da ɗigon rawaya, har zuwa Z. Ba sai ka biya kuɗin D ko E ba. G ko H ko I fari ne tas a ido in an ɗora a farin ƙarfe, in kuma a jan gwal za a ɗora, J ma ta wadatar, tunda launin gwal ɗin zai shiga dutsen ko ta yaya. Tsabtar ciki, wato ƙarancin tabo a cikin dutsen, matakai 11 ce, ana duba ta da madubi mai ƙara girma sau 10. Matakin da ake rubuta VS2 ya isa, SI1 da ke bi masa a ƙasa ma tana yi in ka duba da ido tsirara ba ka ga komai ba. Abin gudu shi ne tsagar da ta kai baki. Daimon ya fi kowane dutse tauri wajen karcewa, amma in ya bugu a kan tsaga yana ɓantarewa.

Shagunan Deira da yawa yanzu suna sayar da daimon ɗin da aka haɗa a ɗakin gwaji. Ba jabu ba ne, sinadarinsa da taurinsa ɗaya da na haƙowa, kuma ƙaramar na'urar gwaji mai kama da alƙalami ba ta iya raba su. Kuɗinsa ya yi ƙasa da na haƙowa nesa ba kusa ba, don haka zaɓi ne mai kyau ga wanda yake son babban dutse da kuɗi kaɗan. Matsalar kawai ita ce a sayar maka da shi a farashin na haƙowa. Dole takarda da rasit su faɗi wanne ne. Akwai kuma wani dutse da ake kira moissanite wanda yake yaudarar na'urar da ke gwaji da zafi. In ka leƙa shi a karkace da madubi za ka ga layukan ƙasa sun zama bibbiyu.

Matanmu sun saba da karat 21 da 22, masu hatimin 875 da 916, amma waɗannan sun yi laushi ga riƙon dutse mai tsada, faratan suna buɗewa a hankali har dutse ya faɗi. Zoben daimon da gwal karat 18 ake yin sa, mai hatimin 750, ko filatinam mai hatimin 950. Farin gwal ana shafa masa wani ƙarfe ne don ya yi fari ƙal, shafin yana gogewa bayan shekara ɗaya ko biyu, sai an sake. Farata shida sun fi huɗu aminci, domin in ɗaya ya karye sauran suna riƙe. Ka goga zoben a jikin mayafi ko leshi kafin ka biya. In ya kama zare, ba a goge faratan da kyau ba, a gyara tukuna. Zoben da aka ɗaga dutsensa sama sosai yana da kyau a hoto, amma shi ne yake bugun ƙofa da tukunya.

Awon yatsa da yamma ake yi, lokacin da yatsa ya cika. Zafi yana kumbura shi, sanyin hunturu yana sa shi ya motse, don haka a zaɓi zoben da yake wuce gaɓa da ɗan turjiya, wanda kuma za a iya motsa shi ruwan alwala ya shiga ƙarƙashi. Zoben da aka jera wa duwatsu zagaye gaba ɗaya ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kada a saye shi da saƙo.

Akwai maganar da ya kamata ango da dangin amarya su sani tun da wuri. Mu mun ɗauki gwal a matsayin ajiya, ranar buƙata a kai wa mai gwal ya auna ya biya kusan farashin kasuwa. Daimon ba haka yake ba. Mai gwal zai auna zinaren ne, wanda a irin wannan zobe giram uku ko huɗu ne kawai, dutsen kuwa in ma ya yarda ya saya, da ragi mai yawa zai saya. Na ɗakin gwaji ya fi faɗuwa, tunda farashin sabonsa ma sauka yake ta yi. Wasu shagunan Deira suna alkawarin karɓa ko musanya, to a rubuta kashi nawa za su biya a jikin rasit, alkawarin baki ba ya aiki bayan shekara uku. Wanda kuɗinsa yake a ƙididdige, gara ya rage girman dutsen ya ƙara wa amarya sarƙa ko warwaro.

Daimon yana jan maiƙo. Man shafawa da humra da kwaɓin fulawa suna taruwa a bayansa ya dushe, har a zaci jabu ne. Ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke da buroshi mai laushi sun isa su dawo da shi. A nisanta shi da bilic, yana cin gaurayen gwal. A kuma ajiye shi shi kaɗai, don yana karce sauran kayan ado. Sau ɗaya a shekara a taɓa dutsen da farce, in ya motsa a kai a matse.

Rasit ɗin ya ɗauki lambar takardar shaida, nauyin dutse, launi da tsabta, karat da nauyin zinare, da bayanin ko na haƙowa ne ko na ɗakin gwaji. Akwai harajin kashi 5 cikin ɗari da ƙasar, wato Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta fara karɓa a 2018, kuma baƙo yana iya karɓar mafi yawansa in sayayyar ta kai dirhami 250. Ka je da fasfo, ka ce wa shagon su yi maka rajistar maido da haraji a lokacin biya, sannan ka tantance a filin jirgi cikin kwana 90 da sayen. Zoben ya kasance a jakar hannu, domin ana iya cewa ka nuna shi.