Darakta ɗaya ya yi mana bidiyon waƙa da talla, ga yadda ta kaya

Sau biyu na yi aiki da wannan bawan Allah, farko bidiyon waƙar ƙanina, daga baya kuma tallan turaren da nake sayarwa. Ba zan kama suna ba, aikin kawai zan faɗa.

A bidiyon waƙa kam wallahi ba a magana. Tun kafin ranar shutin ya turo zanen kowane sin a takarda, inda kamara za ta tsaya, inda fitila za ta haska, har kalar rigar da mawaƙi zai saka. Abin da ya fi burge ni shi ne wajen amshi, ya sa aka ninka gudun waƙar sau biyu a lasifika, ƙanina yana ta bin ta da sauri kamar mai jin haushi, mu muna gefe muna dariya, ashe shi firem 48, wato hotuna 48, yake ɗauka a sakan ɗaya, da ya mayar da shi 24 wajen editin sai komai ya koma a hankali, riga na kaɗawa, amma baki ya hau kan waƙar daidai. Ni dai na sara masa a nan. Kala kuma a manhajar editin ta DaVinci Resolve ya gyara, fatar mutum ta fito yadda take, ba irin jan nan da ake labta wa fuska ba.

Talla ne muka ɗan samu matsala. Sakan 30 ne gaba ɗaya, amma yankan farko da ya kawo sai da aka ci sakan 22 kafin a ga kwalba, hayaƙi ne da inuwa da wata yarinya tana tafiya. Na ce masa malam turare nake sayarwa fa, ba hayaƙi ba! Ya kawo min misalin daraktan fim Ridley Scott, wai tallan da ya yi wa kamfanin Apple a 1984 ko kwamfutar ba a nuna ba. Gaskiya ne, amma ni ba Apple ba ce, babu wanda ya san ni. Na lura burinsa fim ne, hirarsa duk darakta David Fincher, wanda ya yi wa mawaƙiya Madonna bidiyon waƙar Vogue a 1990 kafin ya shiga manyan finafinai, shi ya sa kowane ɗan aiki yake so ya mayar da shi sinima.

Ya dai gyara ba tare da ɓata rai ba, kwalba ta fito a sakan na uku, ya ƙara yanka min na tsaye saboda TikTok. Sai dai sati ɗaya ya yi alkawari, ya kai kusan uku, waya ma sai ya ga dama yake ɗagawa.

Waƙa ta gaba shi za mu kira. In talla ne, ku rubuta a yarjejeniya sau nawa zai gyara da kuma sakan ɗin da kayanku zai bayyana.