Wata shida ina bitar karatun haƙori da Anki

Salam 'yan uwa ɗalibai, musamman mu masu karatun kula da lafiyar baki da haƙora. Tun da aka mayar da wasu darussanmu onlayin na gane karatu ya dawo wuyana ni kaɗai, malami zai yi lakca ta awa ɗaya netwok na ta yankewa, a ƙarshe a turo takardu a gurup a ce kowa ya karanta, babu mai tambayar ka ina ka tsaya sai ranar jarabawa. Ana cikin haka wata 'yar ajinmu ta nuna min Anki, Allah ya saka mata da alheri.

Manhaja ce ta katin tambaya, gaba tambaya baya amsa, wani Damien Elmes ne ya fitar da ita a 2006. In ka duba amsa sai ka faɗa mata gaskiya, ka sani ko ka manta. Wanda ka manta zai dawo maka bayan 'yan mintuna, wanda ka riƙe sai ta jinkirta shi kwanaki, daga nan makonni har watanni, wato ita ke tsara maka bita. A kwamfuta kyauta ce, a Android ma kyauta da sunan AnkiDroid, ta iPhone ce ake saya kusan dala 25. Kuma bita ba ta cin data, a cikin adaidaita ma ina yi.

Inda ta fi yi min rana shi ne lambobin haƙora na tsarin FDI, wato na ƙungiyar likitocin haƙori ta duniya. An raba baki gida huɗu, 1 sama dama, 2 sama hagu, 3 ƙasa hagu, 4 ƙasa dama, haƙoran manya 32 kenan, na yara guda 20 kuma gidajensu daga 5 zuwa 8, sannan damar majiyyaci ake nufi ba taka ba, a nan yawancinmu muke rikicewa. Lambar farko gida ce, ta biyu kuma matsayin haƙorin in ka ƙirgo daga tsakiyar gaba. Yanzu da an ce 36 na san turmin farko ne na ƙasa hagu, wanda ke fitowa yaro yana wajen shekara 6. Haka kayan kankare dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi, Gracey 11/12 na gefen turmi da ke kallon gaba, 13/14 na gefen da ke kallon baya, hotonsu na ɗauka na rufe sunan ina gwada kaina har suka zauna.

Amma don Allah ku rubuta katinku da kanku. Akwai tarin kati da wasu suka haɗa suka saka a intanet, na sauke ɗaya da murna ashe don jarabawar Amurka aka yi shi, su kuma lissafinsu daga 1 zuwa 32 ne a jere, to 14 a wajensu turmin farko ne na sama hagu, a FDI kuma 14 haƙori na huɗu ne a sama dama, ka ga in ka haddace wancan ka shiga asibiti da shi akwai matsala babba, bakin mutum ne fa. Ni da an gama lakca nake zama in fitar da tambaya goma daga abin da aka koyar, kuma a wannan zaman ne nake gane abin da ban fahimta ba, sai in koma littafi ko in tura wa malama tambaya.

Anki tana zuwa da sabon kati 20 a rana, ni na rage zuwa 10 saboda in ka yi fashin kwana uku bita taruwa take yi sosai. Bayan asuba nake yi, minti ashirin.

Abin da ba za ta koya maka ba shi ne hannu. Kati zai gaya maka zurfin ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi mai lafiya milimita 1 zuwa 3 ne, amma yadda za ka riƙe ma'aunin ka zura shi a hankali ba ka ji wa mutum ciwo ba, wannan sai a kan roban gwaji, malami na tsaye yana gyara maka yatsu. Shi ya sa ranar firatikal ba na fashi ko da ruwa ake yi.