Mai goge ƙorafi da mai tsayawa ya amsa: wanne za ki ba kuɗinki?

Hajiya, kin ce kina haɗa zobba da 'yan kunne a Agege, kuma akwai masu sayar da dutsen ado biyu da kike dubawa a Instagram. Na farko shafinsa fes, babu ƙorafi ko ɗaya, sai yabo da addu'a. Na biyu kuwa an sha yi masa ca a Facebook, yana fitowa yana amsawa, wani lokaci har da bidiyo. Kika ce zuciyarki ta fi kwantawa da na farkon. Ni kam na biyun zan fara dubawa, amma da sharaɗi.

Dutse ba atamfa ba ne da za a ce duk turmin iri ɗaya ne. Kowane ƙwara da kalarsa, da tsagarsa, da dattin cikinsa, hoton waya kuma ba ya nuna su daidai. Wanda ya daɗe yana aika duwatsu irin su safaya da tomalin da akwamarin daga Jos ko kasuwar Ojoo ta Ibadan zuwa Legas, dole wata rana wani ya ce abin da ya gani ba shi ya iso ba. Shafin da babu ko ɗaya irin wannan, ko dai sabo ne, ko ana sharewa.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne na kala. Mai saye ya ce a hoto shuɗi ne mai haske, da ya iso sai ga shi ya yi duhu kamar baƙi. Na farko zai ce wayarka ce, ko ya ce 'yan hassada ne suka turo ka, ya goge maganar, ya toshe ka. Na biyu zai ɗauko bidiyon da ya yi kafin ya aika: dutsen a kan farar takarda, a hasken rana cikin inuwa, a bushe, yana juya shi ta kowane gefe. Waɗannan sharuɗɗan kowanne da dalilinsa. Safayar da ake samu a kudancin Kaduna da yawanta tana da duhu, in aka haska tocila ta bayanta sai ta yi shuɗi shar, a kan yatsa kuwa ba haka za ta fito ba. Ɗanyen dutse in aka jiƙa shi da ruwa ko aka shafa masa mai, kalar tana ƙaruwa, ƙananan tsagu su ɓace. Tomalin kuma yana da kala biyu, ta tsaye daban ta kwance daban, mai wayo sai ya ɗauki gefen da ya fi kyau kawai. Wanda ya yi hotonsa da tocila da mai ba shi da abin nunawa ranar ƙorafi, shi ya sa gogewa ta fi masa sauƙi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Maganar nauyi ba ta da tsawo. Giram ɗaya karat 5 ne, karat ɗaya giram 0.2. Na biyu yana da hoton dutsen a kan sikeli, lambar tana fitowa. Na farko yakan rubuta “5” kawai, in an yi magana ya ce ai karat yake nufi.

Inda ake raba gari da gaske shi ne in mai saye ya ce dutsen ba shi ba ne: an ce akwamarin, wani ya duba ya ce tofaz ne ko kwalba. A nan dukansu biyu suna iya yin bidiyo, don haka sai ki lura da abin da ke cikin bidiyon. Na farko, in ya ga dama ya amsa, zai karci gilashi da dutsen, ko ya ɗora masa na'urar nan mai kama da biro ta yi ƙara, ya haɗa da rantsuwa. Karce gilashi ba ya raba waɗannan duwatsun, domin a ma'aunin tauri mai hawa goma gilashi bai wuce 5.5 ba, farin dutsen kwatz 7 ne, tofaz 8, safaya 9, dukansu za su karce shi. Biron kuma yadda zafi ke ratsa dutse yake aunawa, bai san wanda aka tono da wanda aka ƙera a masana'anta ba.

Na biyu zai kawo lamba. Gwajin da ya fi araha, wanda ke ma za ki iya a shagonki, shi ne na ruwa. Ki samu sikeli mai auna har 0.01 na giram. Ki auna dutsen a bushe. Ki ɗora kofin ruwa a kan sikelin ki mai da shi sifiri. Ki ɗaure dutsen da zare siriri, ki nutsa shi duka cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba, ki rubuta abin da sikelin ya nuna. Sai ki raba lambar farko da ta biyu. Dutse mai giram 2.00 in ya nuna 0.74 a ruwa, kin samu 2.7, nan akwamarin yake. In ya nuna 0.57, kin samu 3.5, wannan tofaz ne, kuma kuɗinsa bai kai na akwamarin mai irin kalar ba. Tomalin yana wajen 3.06, safaya 4.0. Abin da ke ɓata gwajin shi ne kumfa ta maƙale a jikin dutsen, ko zaren ya yi kauri, ko dutsen ya yi ƙanƙanta, ƙasa da giram ɗaya kuskuren sikeli yana cinye amsar. Kuma gwajin yana da iyaka. Kwatz 2.65 ne, dab da akwamarin. Safayar masana'anta ma 4.0 take, daidai da wadda ake tonowa a Mambila. Mai sayarwar da ya san aikinsa shi zai fara gaya miki wannan iyakar, ya ce a kai wa mai na'urar auna karyewar haske da madubin dubawa mai ninka 10, ya kuma faɗi wa zai biya kuɗin gwajin in ta tabbata shi ne bai faɗi daidai ba.

Sai batun gyara. Yawancin safayar da ke kasuwannin duniya an gasa ta a wuta don kala ta fito, tofaz mai shuɗi sosai kusan duka haskawa aka yi da na'ura, emeral kuma an saba cusa masa mai a tsagu. Babu ɗaya daga cikinsu da yake laifi in an faɗa kafin ciniki. Laifin yana wajen ɓoyewa, wannan kuma algus ne ko a wace kasuwa. Na farko in aka tambaye shi zai ce “na asali ne ɗari bisa ɗari”, wanda ba amsar tambayar ba ce, tunda dutsen da aka gasa ma na asali ne. Na biyu zai ce an gasa, ko ya ce daga hannu na uku ya saya, don haka ya sa masa kuɗin gasasshe. Wannan amsar ta fi mini rantsuwa goma.

Ba kullum mai ƙorafi ke da gaskiya ba, kuma a nan ma halin mutanen biyu yana fitowa. Wani zai sayi ɗanyen tomalin giram 10, ya kai a yanka, ya samu abin da bai kai karat 15 ba, ya hau intanet yana cewa an cuce shi. Alhali ɗanyen dutse in ya ba da kashi ɗaya cikin uku bayan yanka an gode Allah, sau da yawa ɗaya cikin biyar ne. Na biyu zai yi wannan lissafin a bainar jama'a cikin ladabi, masu karantawa su ƙaru. Na farko ko yana da gaskiya sai ya zubar da ita, domin zagi zai fara, ko ya ce zai sa a kama mutum da dokar laifukan intanet ta 2015. Wanda ya kira ɗan sanda kan an ce kalar dutsensa ta yi duhu, ni ba zan tura masa ko kafin alƙalami ba.

Sharaɗin da na ambata shi ne kada yawan amsa ya ruɗe ki. Akwai mai bidiyon minti ashirin babu sikeli, babu lamba, sai tarihin gidansu. Akwai mai fallasa lambar wayar mai saye da hirarsu ta WhatsApp don mabiyansa su far masa, wannan ya fi mai gogewa muni. Akwai mai ɗaga takardar shaida a gaban kyamara da sauri. In takardar ta GIA ce, wato cibiyar gwajin duwatsun ado ta Amurka, ko ta wani ɗakin gwaji sananne, tana da lamba da ake dubawa a shafinsu, sai ki gwada nauyi da faɗi da tsawon da ke rubuce da dutsen da ke hannunki, domin ana haɗa takardar gaske da wani dutse daban. Akwai kuma na uku da ba ki ambata ba, mai kira ta bayan fage ya mayar da kuɗi bisa sharaɗin a sauke rubutun. Mai sayen ya tsira da kuɗinsa, amma dutsen zai koma shafi da bayanin da aka fara yi masa, ya jira wata mai sayen.

Kafin ki biya kowannensu, ki nemi ya rubuta miki sunan dutsen, nauyinsa, gyaran da aka yi masa, da kwanakin da kike da su na mayarwa, ko da uku ne. Rubuta “ba a mayar da kaya” ba ya soke haƙƙin wanda aka sayar wa abin da ya saɓa wa bayani, hukumomin kare haƙƙin masu saye, FCCPC ta tarayya da LASCOPA ta jihar Legas, duk suna karɓar irin wannan koken, sai dai za su tambaye ki abin da aka rubuta. In ta mota za a aiko, ya yi bidiyon naɗewa, ke ma ki yi na buɗewa ba tare da yankewa ba tun daga ledar waje, don maganar tsaga a hanya da shi ake raba ta. In kuɗin yana da yawa, ku ajiye shi hannun dillalin da ku biyu kuka yarda da shi, a ba shi la'adarsa, sai kin auna dutsen a ruwa sannan a sallami mai kaya.