Ƙarfafa Tsohon Gini Saboda Girgizar Ƙasa: Wane Aiki Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk ɗan kwangilar da ya yanka maka farashi tun injiniya bai duba ginin ba, sallame shi. Kuɗin farko na bincike ne, kuma iri biyu ne. Akwai duban ido, inda injiniya zai zagaya ya lura da shekarun ginin, siffarsa da tsagewar bango. Akwai kuma mai zurfi: a huda ginshiƙi a ciro gutsuren kankare, a matse shi a ɗakin gwaji har ya fashe, sannan a bi da na'ura a ga yawan rodi da tazarar zobensa. Gida mara bene na iya wadatuwa da na farko. Mai hawa uku ko huɗu kuwa, kada ka yi rowar na biyu.

Shekarar gini ba ƙaramin abu ba ce. Japan ta tsaurara dokar gininta a 1981, kuma a girgizar Kobe ta 1995 gine-ginen da suka riga dokar ne suka fi shan kashi.

Ɗaya daga cikin mafiya haɗari shi ne benen da hawan ƙasansa shaguna ne ko wurin ajiye motoci, ginshiƙai tsirara ba bango. In ƙasa ta motsa, nan ne ke fara durƙushewa. An ga haka a girgizar Northridge, wata unguwar birnin Los Angeles na Amurka, a 1994, har Los Angeles ta wajabta gyaran irinsu a 2015. Ga wannan gini, ni dai bangon kankare mai rodi nake zaɓa, wanda zai tashi daga tushe har sama. Yana cin wuri, ana shan ƙura, wani lokaci sai an faɗaɗa tushen, amma shi ke hana ginin tangaɗi. In ba ka son toshe ƙofar shago, tokaren ƙarfe da ake gicciyawa tsakanin ginshiƙai ya fi saurin kafuwa.

In ginshiƙan ne suka yi siriri, ana yi musu riga: a kankare filasta, a kewaye su da sabon rodi, a zuba kankare. Kayan aikin ba wuyar samu, sai dai ginin zai ƙara nauyi. Abokin hamayyarsa shi ne naɗin zaren kabon, wani ƙyalle mai ƙarfin gaske da ake mannawa da gam. Ba nauyi, ba hayaniya, masu sayarwa na kambama shi ƙwarai. Yana hana ginshiƙi tarwatsewa, gaskiya ne, amma ba ya hana gini lilo, yana da tsada, kuma gam ɗinsa ba ya jure wuta sai an rufe shi.

Ɗora gini a kan matashin roba da ƙarfe don raba shi da motsin ƙasa ya fi kowanne kare kayan ciki. Wannan kam na asibitoci ne da gine-ginen tarihi, ba na aljihun mai gidan haya ba.

Kowanne ka zaɓa, nemi zane da lissafi mai sa hannun injiniya mai rajista, kuma ka riƙe kason kuɗi na ƙarshe har ya duba rodi kafin a zuba kankare.